Idan Abinci Ya Zama Abin Tsoro: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙun wannan watan sun taru ne a kan ci, ƙin ci, da yadda mutum ke kallon jikinsa. Da yawanku kun tambaya ko horon natsuwa (koyon tattara hankali kan abin da mutum ke ji a lokacin) da yoga (miƙe gaɓoɓi da sarrafa numfashi) da ake ta yayatawa suna magani. Mun sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 21. Da rana ba na cin komai sai ruwan shayi, don ina son in rage ƙiba. Amma dare na yi sai in kulle ɗaki in cinye Indomie uku, biredi, cincin, duk abin da hannuna ya kai, har cikina ya yi kamar zai fashe. Daga nan in shiga bayi in amayar. Wata shida ke nan, sau uku ko huɗu a mako. Ƙawata ta ce in koyi cin abinci cikin natsuwa. Zai raba ni da wannan hali?
Wata ɗaliba, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanwarmu, abin da ke damunki ciwo ne da likitoci suka sani, sunansa bulimiya. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Ingila, Gerald Russell, shi ya fara bayyana shi a 1979. Ma'aunin da ake bi shi ne mutum ya riƙa ci ba linzami, ya kuma nemi fitar da abin da ya ci, aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku. Ke kin wuce nan. Kada ki ɗauke shi haɗama ko raunin imani, kuma ana warkewa.

Ki lura da inda matsalar take farawa. Ke kina ganin dare ne, alhali tun safe ake ƙulla ta. Tsakanin 1944 da 1945, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, Ancel Keys ya rage wa wasu lafiyayyun maza 36 abinci zuwa kusan rabi na tsawon wata shida. Ba su da wani ciwo kafin nan, amma sai suka koma ba su da zance sai na abinci, suna mafarkinsa, wasu har suna tara littattafan girki. Da aka sakar musu mara, wasunsu suka riƙa ci har su galabaita. Jikin da aka hana wa abinci wuni guda zai rama da dare, ko jikin wa ne.

Saboda haka natsuwa ba ita ce ta farko a layi ba. Na farko, ki je asibiti a cikin makon nan a auna miki gishirin jini, musamman fotasiyam. Daidai shi ne tsakanin 3.5 da 5.0. Yawan amai yana zubar da shi, idan kuma ya yi ƙasa sosai bugun zuciya yakan rikice ba tare da gargaɗi ba. Ki faɗa wa likitan gaskiyar abin da kike yi, don in kin ce ciwon ciki kawai, maganin olsa zai rubuta miki ki dawo gida. Idan kina jin faɗuwar gaba, jiri, kasala a ƙafafu, ko kin ga jini a amai, yau za ki je.

Na biyu, tsarin ci. Wannan shi ne ginshiƙin maganin da Christopher Fairburn ya tsara a Jami'ar Oxford, wanda akan yi zama 20 cikin mako 20 da masanin halayyar ɗan Adam. Babban abinci sau uku, ƙarami sau biyu ko uku, kuma kada a wuce awa huɗu ba a sa komai a baki ba. Misali: koko da ƙosai ƙarfe 7, ayaba da gyaɗa ƙarfe 10, shinkafa da wake wajen ƙarfe 1 da rabi, fura da nono bayan La'asar, tuwo bayan Magariba, sai ɗan abu kafin barci. Agogo za ki bi, ko kina jin yunwa ko ba kya ji. Ko kin yi cin dare jiya, karin kumallon yau yana nan daram, domin tsallake shi ne ke kira na daren gobe. Mun san tsoronki ƙiba ce. To amai ba ya fitar da duk abin da aka ci, kaso mai yawa yana zama, shi ya sa mafi yawan masu wannan ciwo ba sa ganin wani babban canji a nauyinsu idan suka koma cin tsari. Ki hau sikeli sau ɗaya a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya.

Sai bayan kin yi mako biyu ko uku a kan wannan ne shawarar ƙawarki za ta yi amfani. Horon natsuwa a asibiti ya samo asali ne daga shirin mako takwas da Jon Kabat-Zinn ya fara a Jami'ar Massachusetts a 1979, daga baya Jean Kristeller ta gina wani a kansa don masu ci ba linzami. Su da zabibi ɗaya suke fara koyarwa, ke ki ɗauki dabino. Ki zauna, waya a wani ɗaki. Ki dube shi, ki ji kaushin fatarsa a yatsunki, ki shinshina. Ki ɗora shi a harshe numfashi biyu kafin ki tauna, ki lura da lokacin da zaƙin ya fi ƙarfi da lokacin da ya fara ja baya, sannan ki haɗiye. Minti uku ya isa. Daga nan ki kai wannan cikin abinci ɗaya a rana, loma uku na farko kawai, ragowar ki ci kamar kowa.

Abin da ya fi wannan amfani gare ki shi ne yadda za ki yi idan sha'awar cin dare ta taso, ko ta zuwa bayi bayan kin ci. Ki saita agogo minti 15. Ki fita daga ɗakin ki zauna inda mutane suke. Ki nemi inda abin yake a jikinki: maƙogwaro ne ya ɗaure, ƙirji ne ya yi zafi, ko hannu ne ke rawa? Ki ja numfashi kina ƙirga huɗu, ki sake shi kina ƙirga shida. Ki ba abin maki daga 1 zuwa 10, bayan kowane minti biyar ki sake ba shi. Yana haɗuwa ne kamar hadari, ya yi baƙi ƙirin, sannan ya watse. Wanda kullum yake miƙa wuya a minti na uku bai taɓa ganin watsewar ba, shi ya sa yake zaton ba ta zuwa. Ranar da kika kasa, ki rubuta ƙarfe nawa ne, me ya faru kafin nan, yaushe rabonki da abinci. Bayan mako biyu takardar za ta nuna miki lokutan da ya kamata ki tsare.

Inda ake yin kuskure shi ne a mayar da natsuwa sabuwar dabarar rage ci, a riƙa tauna loma sau talatin don a ci kaɗan. Wannan ciwon ne ya sake riga. Haka nan kada ki ce sai kin ji yunwa za ki ci, domin wata shida na wuni da yunwa da amai sun rikita alamun yunwa da ƙoshi, sai sun ɗauki watanni kafin a amince da su.

Kafin ki daina gaba ɗaya, ki kare haƙoranki. Bayan amai kada ki goge baki nan take, ruwan ciki ya riga ya tausasa rufin haƙori, buroshi zai kankare shi. Ki kurkure da ruwa, ko ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa, ki jira kamar awa guda.

Tambaya: 'Yata mai shekara 16 ta rame ƙwarai cikin wata biyar. Tana tsakurar abinci, tana ɓoye saura a leda, kullum tana cikin rigar sanyi, al'adarta ta ɗauke wata uku. Duk da haka cewa take ta yi ƙiba. Babanta ya ce iyayi ne, wannan ciwon Turawa ne. Yayarta ta ce a sa ta yoga hankalinta ya kwanta. Me zan yi?
Wata uwa, Kano

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Alamun nan sun yi kama da anoreksiya, wato ciwon ƙin cin abinci don tsoron ƙiba, kuma tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Kada a sa ta yoga yanzu, kada a bar ta ta yi kowane irin motsa jiki, a kai ta ga likita cikin kwana ɗaya ko biyu. Za a fara duba wasu cututtukan da ke ramar da mutum, kamar tarin fuka, ciwon suga da ciwon maƙoƙo mai ƙona jiki. Ki roƙi a auna nauyi da tsawo, hawan jini a kwance da a tsaye, gishirin jini, da hoton bugun zuciya. Bugun da ya gaza 40 a minti tana farke, suma, ko kasa tashi daga tsugune ba tare da dafa ƙasa ba, duk na kwanciya asibiti ne. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri.

Abu ɗaya da iyaye ba su cika sani ba: ɗura mata abinci da yawa lokaci guda yana da haɗari. Jikin da ya daɗe cikin yunwa, idan abinci ya shigo masa kwatsam, sinadarin fosfet na jini yakan faɗi, zuciya ta kasa. Shi ya sa ake ƙara abincin mataki-mataki, ana gwada jini a kwanakin farko.

Ga Alhaji kuwa, a ba shi labarin tsibirin Fiji, inda a al'ada cikar jiki ce kyau, kamar dai yadda muka taso muka gani. Talabijin ta isa wani yankinsu a 1995. Anne Becker ta Jami'ar Harvard ta tambayi 'yan matan makaranta a lokacin, ba ta sami mai yin amai don rage nauyi ba. Da ta koma a 1998, kashi 11 cikin ɗari suna yi. Wayar da ke hannun 'ya'yanmu ta fi waccan talabijin kusa da ido.

Maganin da ya fi inganci ga 'yan shekarunta shi ne wanda aka gina a Asibitin Maudsley na Landan, inda iyaye ke karɓar ragamar abinci. Ke za ki zuba, ki zauna da ita har ta gama, ki kuma zauna da ita awa guda bayan ci. Ba duka, ba gori, ba ciniki a kan yawan loma. Za ta yi kuka, za ta ce kin tsane ta. Ki riƙa tuna cewa ciwon ne ke magana da bakinta. A kuma hana 'yan gida zancen jikinta, har da na yabo, don "kin fara murmurewa" a kunnenta "kin yi ƙiba" ne.

Yoga tana da nata lokacin. A wani gwaji da aka buga a 2010 daga asibitin yara na Siyatil a Amurka, matasa masu ciwon ci sun yi yoga awa ɗaya sau biyu a mako har mako takwas. Tunanin abinci ya riƙa lafa musu bayan kowane zama, nauyinsu kuma bai ragu ba. Amma dukkansu suna kan maganin asibiti, yogar ƙari ce, kuma gwajin ƙarami ne, mutum 54. Sai likitanta ya ce zuciya da nauyi sun daidaita.

Tambaya: Na ji an ce yoga bautar Indiyawa ce. Ya halatta matata ta yi?
Wani magidanci, Maraɗi

Amsa: Malam, fatawa ta malamai ce, mu dai ga abin da za ka kai musu. Asalin yoga daga Indiya ne, kuma tana da alaƙa da addinin Hindu. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi ita a 2008 saboda kalmomin bauta da ake rerawa a ciki, ita kuwa Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Wadda ake amfani da ita wajen jinya miƙe gaɓoɓi ce da sarrafa numfashi, ba rera komai, ba jerin motsin jikin nan da ake kira gaisuwar rana. Idan duk da haka zuciya ba ta kwanta ba, a bar ta. Miƙe jiki irin na likitocin gashi, ko tafiyar minti 20 a hankali ana lura da numfashi da taɓawar ƙafa a ƙasa, za su yi aiki mai kama da wannan.

Tambaya: Ina ganin likita kan yawan ci, ya ce zan iya fara yoga mai sauƙi. Ba aji a garinmu. Yaya zan yi a gida?
Wata malamar makaranta, Gusau

Amsa: Malama, minti 20, sau biyu ko uku a mako. Tabarma ko bargo, kaya masu yalwa, ɗaki ba madubi. Kada ki yi da yunwa, kada kuma ki yi sai awa biyu bayan babban abinci.

Ki fara a rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, minti uku kina jan numfashi huɗu kina sakin shida. Hannuwa a gefen haƙarƙari. Da gangan ba mu ce a kan ciki ba, domin ga mai wannan ciwo taɓa ciki yakan tayar da ƙyama a makonnin farko. Sai ki juya ki yi rarrafe, tafin hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa. Kina jan numfashi ki saki baya ya lotsa ki ɗaga kai, kina saki ki gantsaro shi sama kamar kyanwar da ta tashi daga barci, sau takwas. Daga nan ki zauna kan diddige, ki kifa goshi a kan matashi, numfashi takwas. Ki miƙe a hankali, ki buɗe ƙafafu kamar mita ɗaya, ki juya ta dama waje, ki lanƙwasa gwiwarta ba tare da ta wuce yatsun ƙafa ba, hannuwa a miƙe daidai kafaɗa, numfashi biyar, ki sauya gefe. Wannan tsayuwar ce muka fi so ga masu ƙyamar jikinsu, don a nan mace ke jin cinyar da take zagi ita ce ke riƙe da ita. Ki ƙare da kwanciya kusa da bango, ƙafafu a jingine sama, minti uku zuwa biyar. Wajen tashi, ki fara juyawa gefe, ki zauna minti ɗaya, don gudun jiri.

A kowane mataki tambaya ɗaya za ki yi wa kanki: me nake ji a nan? Ja, ɗumi, rawa, nauyi. Idan kin tsinci kanki kina tunanin yadda kike a idon mai kallo, ki komo kan numfashi, ko sau ashirin ne. Wadda rufe ido ke tayar mata da hankali ta bar su a buɗe.

Alamun cewa yogar ta koma hannun ciwon su ne: kina ƙara minti a ɓoye, kina yi don biyan bashin abin da kika ci, ko ranki yana ɓaci ranar da ba ki yi ba. In kin ga haka ki dakata mako guda ki faɗa wa likitanki. Ki nisanci yogar ɗaki mai zafi da ake kai shi digiri 40, da bidiyon da ke alkawarin narkar da tumbi. Mai juna biyu, mai hawan jini da mai ciwon ido na gilakoma su tambayi likita kafin ɗaga ƙafafu.

Tambaya: Ni tawa akasin ta sauran ce. Bikina saura wata biyu, dangin miji suna cewa na cika rama. Wata guda ke nan ina shan sha-ka-fashe. Fuskata ta cika, amma kullum ina gaban madubi, ba na jin daɗin abin da nake gani.
Wata amarya, Katsina

Amsa: Amarya, Allah ya sa alheri. Ki duba kwalin. Mafi yawan abin da ake sayarwa da wannan suna, za ki ga an rubuta dexamethasone ko cyproheptadine, wani lokaci an haɗa su. Na biyun maganin ƙaiƙayi da mura ne mai buɗe ciki da sa barci. Na farkon shi ne abin tsoro. Cikar da yake kawowa ruwa ne da kitse a fuska, wuya da ciki, hannuwa da cinyoyi kuwa sirancewa suke. Yana jawo nankarwa, ƙuraje, hawan jini, suga da raunin ƙashi. Kuma tunda kin kai wata guda, kada ki yanke shi rana ɗaya. Jiki ya rage yin nasa sinadarin saboda wanda kike sha, yankewa kwatsam na iya sa jini ya faɗi har a suma. Ki kai kwalin ga likita ya rage miki a hankali, ya kuma duba ko akwai dalilin ramar.

Madubi kuwa, yawan dubawa ƙara damuwa yake, domin ido yana zuwa ne kai tsaye inda ba ya so, abin kuma yana girma da yawan kallo. Kwana uku ki ƙirga sau nawa kike dubawa, ko matsa hannu, ko ɗaukar hoto don gwadawa. Sai ki rage zuwa lokacin shiri kawai. Sau biyu a mako ki tsaya taku uku daga madubi, cikin kayanki, minti biyar, ki siffanta kanki daga kai zuwa ƙafa kamar kina yi wa tela bayani: goshi mai faɗi, wuya dogo, kafaɗa kaza. Ba yabo, ba zagi, kuma kowace gaɓa lokacinta daidai da na 'yar uwarta. Karon farko da na biyu za su yi ɗaci, sauƙin yana zuwa da maimaitawa. Shafukan masu tallan kayan gyaran jiki a Instagram da TikTok, ki daina bin su har bayan biki. Ki kuma samu wata babba a gidanku, gwaggo ko inna, ta tare miki maganar dangin miji.

Tambaya: Mai ciwon ci, irin bulimiya ko anoreksiya, zai iya azumi?
Wani ɗalibi, Kumasi

Amsa: Ɗan uwa, a yanke wannan da likita tun cikin Sha'aban. Wanda nauyinsa ya yi ƙasa sosai, ko yake amai har yanzu, ko fotasiyam ɗinsa bai daidaita ba, azumi haɗari ne gare shi, kuma ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun yi wa marar lafiya rangwame ya rama daga baya. Azumin Litinin da Alhamis a dakatar da shi har a warke, don ciwon yakan ɓuya a bayansa ba wanda zai yi magana.

Wanda likita ya yarje wa, kada ya tsallake sahur. Ya buɗe baki da dabino da kunu, ya yi Magariba, sannan ya zuba abincinsa a faranti ɗaya ya ci a zaune cikin mutane. Bayan Asham ya ƙara ɗan abu, kuma awar farko bayan buɗa-baki kada ya keɓe shi kaɗai. Idan ci ba linzami ko amai ya dawo sau biyu a mako guda, ya ajiye azumin ya koma wurin likitansa.